Ƙwallon Gelik a Ailan: Wa Zai Ƙwace Kofin Sam Maguire Daga Hannun Kerry a 2026?

Ranar Lahadi 27 ga Yuli, 2025, filin wasa na Croke Park da ke Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, ya cika maƙil domin wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Gelik. Filin yana ɗaukar mutum 82,300. A ranar, gundumar Kerry ta doke ta Donegal da maki 29 da 19, ta zama zakarar tsibirin karo na 39. Abin da zai ba mai bin gasar Firimiya mamaki shi ne, cikin 'yan wasa 30 da suka fara wasan babu mai karɓar albashi don ƙwallo, babu kuma wanda aka sayo daga wata ƙungiya. Gwanin gwanayensu, David Clifford, malamin makaranta ne. Kowannensu gundumarsa yake yi wa wasa, kuma bayan biki kowa wurin neman abincinsa yake komawa.

Wannan tsari shi ya sa hasashen kakar badi a wannan wasa ya sha bamban da wanda muka saba ji a majalisun 'yan kallo. A ƙwallon ƙafa ta Turai, mai hasashe yakan duba wanda ya fi kashe kuɗi a kasuwar 'yan wasa. A ƙwallon Gelik kuwa babu kasuwa. Gunduma ba ta da abin da za ta fito da shi fili sai abin da ta raina. Saboda haka duk mai son sanin waɗanda za su yi takarar kofi a 2026, sai ya duba abin da kowace gunduma ta shuka shekaru goma da suka wuce, da abin da ta rasa, da yadda ta fahimci sababbin dokokin da suka sauya fasalin wasan a 2025.

Yadda wasan yake

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallon Gelik wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, ana yin sa minti 70, da ƙafa da hannu. Ƙwallon kewayayya ce kamar wadda muka sani. Ɗan wasa yana iya riƙe ta ya yi taku huɗu, daga nan sai ya buga ta da ƙasa ko ya sake ta a kan ƙafarsa ta dawo hannunsa. Ba a jefa wa abokin wasa, sai dai a nausa ko a buga da ƙafa. A kowane ƙarshen fili akwai dogayen turaku biyu da sanda a gicciye, ƙasan sandar kuma raga ce da mai tsaronta. Ƙwallon da ta bi ta saman sanda maki 1 ce, wadda ta shiga raga kuma maki 3.

Ƙungiyar da ke kula da wasan, wadda aka fi sani da GAA, an kafa ta ne ranar 1 ga Nuwamba, 1884, a garin Thurles, lokacin da Ailan ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, da nufin raya wasannin gargajiya na ƙasar. Har yau ba ta san da iyakar siyasa ba. Tsibirin yana da gundumomi 32 a larduna huɗu, wato Leinster da Munster da Connacht da Ulster. Shida daga cikin gundumomi tara na Ulster, ciki har da Armagh da Tyrone da Derry, suna ƙarƙashin Birtaniya, amma kofi ɗaya suke nema da 'yan'uwansu na Jamhuriya. Ana fara kaka da gasar lig a farkon shekara, sai gasar kowane lardi, sannan gasar tsibirin baki ɗaya, wadda mai cinta ke ɗaga kofin Sam Maguire. Tun 1928 ake bayar da wannan kofi.

Ma'aunin farko: sababbin dokoki

Shekaru da dama masu kallo suna kukan wasan ya zama abin gundura. Masu horarwa sun gano cewa hanya mafi sauƙi ta guje wa shan kaye ita ce a tara kusan kowa a bakin gida a toshe hanya. Misalin da aka fi kawowa shi ne wasan kusa da na ƙarshe na 2011, inda Dublin ta ci Donegal da maki 8 da 6 kacal. Don magance wannan, GAA ta kafa kwamiti ƙarƙashin Jim Gavin, tsohon kocin Dublin, kuma shawarwarinsa suka fara aiki a 2025.

Uku daga cikin dokokin su ne suka fi tasiri. Ta farko, an shata layi mai siffar baka, mita 40 daga raga, kuma duk wanda ya buga daga wajensa ƙwallon ta bi saman sanda, maki 2 ya ci. Ta biyu, tilas kowace ƙungiya ta bar aƙalla 'yan wasa uku a ɓangaren abokan karawarta a kowane lokaci, don haka toshe gida da mutum 15 ya ƙare. Ta uku, idan mai tsaron gida zai dawo da ƙwallo fili, dole bugunsa ya tsallake wancan layi na mita 40, abin da ya mayar da tsakiyar fili fagen kokawar ƙwallon sama. Wasan ƙarshe na 2025 ya samar da maki 48 jimilla, fiye da ninki uku na wancan wasa na 2011.

Ma'anar wannan ga mai hasashe a fili take. Gundumar da ke da masu bugun nesa, da dogaye masu cafke ƙwallon sama, da 'yan baya masu iya riƙe mutum ɗaya da ɗaya, ita ce ke da rinjaye. A 2025 kowa koyon dokokin yake yi. A 2026 masu horarwa sun sami kaka guda ta nazari, kuma za a ga wanda ya yi karatun da kyau.

Ma'auni na biyu da na uku: masu tasowa da masu tafiya

Tun da ba a saye, magajin ɗan wasa daga ƙungiyoyin matasa na gundumar yake fitowa. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan wasa ita ce gasar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta ƙananan yara. Kerry ta ci kofin ƙananan yara sau biyar a jere daga 2014 zuwa 2018, kuma daga cikin yaran nan ne David Clifford da Seán O'Shea suka fito.

Ta ɗaya gefen kuma, gunduma tana asarar 'yan wasa ta hanyoyi biyu. Akwai tsufa da gajiya, domin mutumin da ke aiki da rana yana atisaye da dare ba ya daɗewa kamar wanda ƙwallo ce sana'arsa. Akwai kuma Ostireliya, inda ake wani wasa mai kama da wannan, amma na albashi. Ƙungiyoyin can sukan zo su ɗauki matasa masu hazaƙa. Mark O'Connor na Kerry da Oisín Mullin na Mayo duk sun koma ƙungiyar Geelong. Gundumar da ta raini yaro shekara goma ba ta samun ko sisi idan ya tafi.

Sai kuma sauyin tsarin gasar. Daga 2026 an soke zagayen rukuni-rukuni da aka yi shekaru uku ana amfani da shi, inda ƙungiya kan iya shan kaye fiye da sau ɗaya ta kuma tsallake. A sabon tsarin, ƙungiyoyi 16 ne za su shiga, kuma wadda ta faɗi wasanni biyu kafin zagayen 'yan takwas ta yi waje. Wannan zai cuci masu jinkirin farkawa.

Kerry: wadda za a kayar

Ko ta wane ma'auni aka auna, Kerry ce a gaba. A 2025 ta haɗa kofin lig da na lardin Munster da na Sam Maguire. Hanyar da ta bi ita ce hujja mafi ƙarfi: ta fitar da Armagh mai riƙe da kofi a zagayen 'yan takwas da maki 32 da 24, ta ci Tyrone a wasan kusa da na ƙarshe, ta gama da Donegal. Manyan Ulster uku ke nan a jere. A wasan Armagh, cikin zango na biyu, ta ci maki 14 ba tare da an rama ko ɗaya ba, kuma sirrin shi ne ta riƙa ƙwace ƙwallon da mai tsaron gidan Armagh ke bugowa. A wasan ƙarshe Clifford shi kaɗai ya ci maki 9, ciki har da bugun nesa uku masu maki bibbiyu. An zaɓe shi gwarzon shekara a 2022 da 2023 da 2025, kuma an haife shi ne a 1999, wato yanzu ƙarfinsa ya kawo.

Duk da haka, tarihi yana da gargaɗi. Tun bayan da Cork ta ci a 1989 da 1990, gundumomi biyu kaɗai suka iya riƙe kofin shekaru a jere: Kerry a 2006 da 2007, sai Dublin daga 2015 zuwa 2020. Kocin Kerry, Jack O'Connor, ya ci kofin sau biyar, a 2004 da 2006 da 2009 da 2022 da 2025, amma bai taɓa cin biyu a jere ba. Wanda ba a biya, yunwar kofi ce ke fitar da shi atisaye cikin sanyin Janairu, kuma wanda ya ƙoshi ba ya gudu irin na mai jin yunwa. Ƙari a kan haka, Kerry ta nuna tana iya tuntuɓe: Meath ta doke ta da tazarar maki 9 a zagayen rukuni, Cork kuma ta kai ta har ƙarin lokaci a Munster. A sabon tsari, irin wannan tuntuɓe ya fi tsada.

Donegal: darasin wasan ƙarshe

Donegal ta ci kofin sau biyu, a 1992 da 2012. Wanda ya kai ta ga na biyun, Jim McGuinness, ya dawo ya sake karɓar ragamarta, kuma ya ci kofin Ulster a 2024 da 2025. Ƙungiya ce mai ƙarfin jiki da gudu, wadda ta lallasa Meath da tazarar maki 20 a wasan kusa da na ƙarshe. Amma a ranar da ta fi muhimmanci, dabarar da ta kawo ta can ita ce ta kayar da ita. 'Yan bayanta sun saba tsare yanki maimakon bin mutum, sai Paudie Clifford, yayan David, ya sami sarari a wajen layin mita 40 yana raba ƙwallo yadda ya ga dama. Kerry ta yi ta cin maki bibbiyu daga nesa, Donegal kuwa ba ta ci ko ɗaya ba.

Gyaran da ake bukata sananne ne: a koyi bin mutum idan ta kama, a kuma samar da masu bugun nesa. McGuinness mutum ne da ya taɓa sauya yadda dukan Ailan ke buga wasan, don haka ba a raina shi a fagen dabara. Damuwar ita ce shekaru. Michael Murphy, kyaftin ɗin 2012, wanda ya dawo daga ritaya ya zama ginshiƙin gabanta a 2025, ya cika shekara 36 a waccan shekarar. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a gina shekara guda a kanta. Idan matasan gaba suka ɗauki nauyin, Donegal ce ta fi kowa kusa da Kerry.

Tyrone: gonar da ta fi yabanya

Idan akwai gundumar da ma'aunin masu tasowa ke nunawa, Tyrone ce. Ta ci kofin 'yan ƙasa da shekara 20 a 2022 da 2024 da 2025. Babbar ƙungiyarta ta san hanyar Croke Park, domin ta zama zakara a 2003 da 2005 da 2008 da 2021. A kakarsa ta farko, koci Malachy O'Rourke ya sha ɗaci da zaƙi: ƙungiyar ta faɗo daga rukunin farko na lig, amma ta je har Ballybofey ta ci Donegal a gidanta, ta kuma fitar da Dublin a zagayen 'yan takwas. A gabanta akwai Darragh da Ruairí Canavan, 'ya'yan Peter Canavan da ya ɗaga kofin 2003. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin tambaya game da Tyrone shi ne lokaci. Yaron da ya yi fice a gasar matasa yakan bukaci shekara biyu ko uku kafin jikinsa ya iya jure karon manya. Zaman rukuni na biyu na lig zai ba koci damar gwada matasa ba tare da matsi ba, amma zai hana su gogayya da manya kafin gasar bazara. A ganina Tyrone za ta kai zagayen 'yan huɗu, kuma ita ce za ta fi kowa ƙaruwa tsakanin bana da badi.

Armagh da Galway: ƙofar da ke rufewa

Waɗannan biyu su suka buga wasan ƙarshe na 2024, inda Armagh ta yi nasara da maki 14 da 13. Kofinta na biyu ke nan. Na farkon a 2002 ne, lokacin da kocinta na yanzu, Kieran McGeeney, yake kyaftin. Armagh tana da benci mai zurfi da masu bugun nesa, kuma da wuya a ci ta cikin minti 70: wasannin ƙarshe na Ulster uku da ta faɗi a jere, daga 2023 zuwa 2025, biyu a bugun fenareti ne, ɗaya a ƙarin lokaci. Idan ta gyara matsalar bugun mai tsaron gida da Kerry ta tona, za ta dawo cikin masu takara.

Lamarin Galway ya fi ban tausayi. Ta ci kofin sau tara, amma rabonta da shi tun 2001. A ƙarƙashin Pádraic Joyce ta mamaye lardin Connacht shekaru huɗu a jere daga 2022, ta kai wasan ƙarshe sau biyu, a 2022 da 2024, ta dawo hannu rabbana. A 2025 Meath ce ta fitar da ita. Tana da gwanaye irin su Shane Walsh da Damien Comer, sai dai rauni yakan hana a same su lafiya a lokaci guda, kuma Paul Conroy, gwarzon shekara na 2024, ya haura 35. Ƙungiya ce da za ta iya cin kowa a rana ɗaya, amma kofi yana bukatar irin wannan rana sau uku a jere.

Dublin da maƙwabtanta

Shekaru kaɗan da suka wuce, hasashe a wannan wasa ba ya wuce kalma ɗaya, wato Dublin. Ta ci kofin sau 31, shida daga ciki a jere, kuma ta riƙe lardin Leinster shekaru 14 daga 2011 zuwa 2024. A 2025 Meath ta karya wannan tarihi, sannan Louth ta ci Meath ta ɗauki kofin lardin karo na farko tun 1957. Manyan da suka gina daular, irin su James McCarthy da Brian Fenton, sun yi ritaya. Koci Dessie Farrell ya ajiye aiki, aka ɗauko Ger Brennan, wanda shi ne ya kai Louth ga waccan nasara. Gundumar da ke da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi ba za ta rasa 'yan wasa ba, kuma Con O'Callaghan yana cikin 'yan gaba mafi haɗari a ƙasar. Amma 2026 shekarar gini ce gare ta.

Meath kuwa ita ce abin mamakin 2025. A 2023 gasar Tailteann ta ci, wato gasar gundumomi masu ƙaramin ƙarfi, sai ga shi bayan shekara biyu ta ci Dublin da Kerry da Galway a kaka guda. Matasa ne, kuma dokokin sun dace da su. Sai dai badi babu wanda zai raina su, kuma dukan da Donegal ta yi musu ya nuna sauran tafiya. Misalin Derry ya isa gargaɗi: ta ci Ulster a 2022 da 2023, ta ci lig a 2024, sai ga ta ta faɗo rukuni na biyu a 2025.

Ba a rufe irin wannan lissafi ba a ambaci Mayo ba. Rabonta da kofi tun 1951, kuma daga 1989 zuwa 2021 ta kai wasan ƙarshe sau 11 ta faɗi duka. A 2025 ko zagayen rukuni ba ta tsallake ba. An ba Andy Moran, gwarzon shekara na 2017, aikin farfaɗo da ita. Magoya bayanta ba sa gajiya da fata, amma babu hujjar sa ta cikin manya a badi.

Abin da ke kan sikeli

Mai karatu zai iya cewa rashin albashi bai sa an zama ɗaya ba, kuma yana da gaskiya. Kuɗi ba ya sayen ɗan wasa, amma yana sayen masu horar da yara, da likitoci, da wurin atisaye. An daɗe ana ƙorafin cewa kason da Dublin ta samu na raya wasa ya fi na kowa. Yawan jama'a ma ba ɗaya ba ne: gundumar Leitrim mutanenta ba su wuce 35,000 da 'yan kai ba. Amma Kerry, mai mutum wajen 156,000, ta fi Dublin yawan kofuna, abin da ke nuna cewa al'ada da kyakkyawan raino suna iya yin gogayya da yawa da dukiya.

Daga 2021 zuwa 2025 gundumomi huɗu ne suka ɗaga kofin: Tyrone da Kerry da Dublin da Armagh. Wannan buɗewar fage ita ta dawo da armashin gasar bayan shekarun mamayar Dublin. Idan Kerry ta sake ci a 2026, da Clifford a tsakiyar ƙarfinsa da dokokin da suka buɗe masa fili, za a fara tsoron wata sabuwar daula. Idan kuwa ɗaya daga cikin manyan Ulster ta tare ta, za a ce gyaran dokokin ya amfani kowa.

Ga jerin nawa. Kerry a gaba, Donegal na biye, sai Tyrone da Armagh. Galway da Dublin za su iya ɓata wa wani lissafi, Meath kuma ita ce za a sa wa ido. Idan aka matsa mini in ambaci suna ɗaya, Kerry zan ce, da sharaɗin Clifford ya kai Yuli lafiya. Wanda zai kayar da ita sai ya rinjaye ta a ƙwallon sama, ya kuma rama mata maki bibbiyu da bibbiyu, kuma daga Ulster nake sa ran zai fito. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Allah ya kai mu Yuli.